Layin Shunayya a Kunnen Ragunana

Shekarun baya kaɗan, ana saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, ina da raguna ashirin da shida a garken kawuna a garin Babban Mutum. Balami ne dukkansu, farare, wata biyar ana ɗura musu dusa da harawa da kowar wake. Duka ashirin da shidan kuwa don mutum ɗaya aka yi kiwonsu, wani Alhaji mazaunin Abuja da ke raba wa dangi da ma'aikatansa ragon layya kowace shekara. A lokacin shekara shida ke nan ina kai masa. Bai taɓa zuwa ya gani ba, bai taɓa turo kowa ba. Waya kawai zai bugo ya ce, "Mutumin Daura, guda nawa ka ajiye mini bana?" In faɗa masa, ya ce a loda. Duk wanda ya yi harkar dabbobi ya san irin wannan mai saye ba kullum ake samunsa ba. Wannan yardar ce na ɗauka da hannuna na kai ta bakin rami, a kan abin da bai kai kaurin zare ba.

A shekarar ne ya ce mini yaransa sun dame shi, wai suna so su ga ragunan kafin su iso, in ɗan turo hoto. Wayata a lokacin gilashin bayanta ya tsage, duk abin da ta ɗauka sai ya fito kamar cikin hayaƙi. Da na ari wayar wani na ɗauka, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. To amma ni mutum ne da ya fara sana'a da kaji huɗu a kasuwar ƙauye, kuma irinmu akwai cutar da ke damunmu: ba ma son aro, sannan mun yarda babu abin da za mu saya ya gagare mu sarrafawa. Na shiga Kano na sayo kyamara ta hannu, baƙa, mai nauyi, irin wadda ake ratayawa a wuya. Na matsa wa mai shagon da ciniki har ya gaji, sannan na ce saura gyara. Ya laluba ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani ƙarin gilashi da ake murɗawa a bakin kyamarar, ya ce yana jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Na karɓa ina jin na ci kasuwa. Yanzu in na tuna saurin da ya yi wajen miƙo mini shi, nakan gane wanda ya ci kasuwar a ranar.

Na isa Babban Mutum da rana tsaka. Farkon damina ne, sama ta yi fari fat da siririn gajimaren nan mai kashe ido. Kawu ya baro gona saboda ni, ya riƙa fito da ragunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kan wani ɗan tudu a bayan gida. Ba su saba da ni ba, da na matso sai su zabura, don haka na koma can nesa na murɗa gilashin har ƙarshensa. Sannan na yi abin da kowane dillali ya sani, wanda ya ce muku bai sani ba kuwa ya ɓoye muku ne. Na durƙusa, gwiwa da gwiwar hannu duk a ƙasa, na ɗauko su daga ƙasa zuwa sama. Rago in ka ɗauke shi haka, ƙirjinsa zai cika hoton, ƙahonsa ya tokare sama, ka rantse ɗan maraƙi ne.

Kawu ya tsaya riƙe da igiya yana kallona. Ya ce, "Ɗan nan, gaisuwa kake kai wa ragon ne?"

Na ce, "Kawu, sana'a ce."

Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an faɗi gaban rago ba."

A ɗan ƙaramin allon bayan kyamarar komai ya yi kyau. Na dawo Daura, aka juye mini hotunan a waya, na tura wa Alhaji ina ta murmushi ni kaɗai.

Washegari da hantsi ya bugo. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Mutumin Daura, me ya sami ragunan nan?"

"Lafiyarsu lau, ranka ya daɗe."

"Lafiya lau ake fesa wa dabba magani? Buɗe hoton ka faɗaɗa shi. Dubi bakin kunnuwan. Dubi gindin ƙahon."

Na buɗe na faɗaɗa. Ga shi nan kuwa. Wani siririn layi mai launin shunayya ya bi gefen kunne, ya zagaye ƙaho, ya gangaro ta gadon baya. A wasu ragunan sai ka lura, a wasu kuwa tun daga nesa yake kiranka. Abin da ya fi damuna shi ne launin. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san maganin nan mai shunayya da ake fesa wa dabba in ta ji rauni, ko rago ya yi karo ya fasa gindin ƙaho, ko waya ta yage masa kunne. Launin da ke hoton da na maganin babu bambanci ko kaɗan. Ragon layya kuwa kunne da ƙaho da ido su ake fara dubawa.

Alhaji ya ce, "Ni layya zan raba wa mutane. Ba zan aika wa surukina rago mai yagaggen kunne ba, ya yanka yana kokwanto. Ka bincika ka gaya mini gaskiya."

A nan na yi wautar da har yau take ba ni haushi. Ni da na tsaya gaban ragunan nan jiya-jiya, na shafa bayansu da hannuna, sai na gaskata hoto na ƙaryata idona. Na ce a raina ai hasken rana ne ya hana ni gani, ita kuwa na'ura babu abin da ke ɓoye mata. Na hau mashin na nufi Babban Mutum ina ta shirya maganganun da zan faɗa wa ƙanin mahaifiyata.

Na same shi a gona yana shuka gero. Ban ko jira ya ajiye sungumi ba.

"Kawu, in ragunan nan sun yi faɗa ko sun ji ciwo, ai da ka gaya mini. Ka fesa musu magani ka yi shiru, ga shi an tona mu a Abuja."

Ya ɗago ya dube ni sosai. Ya ce, "Shekara nawa ina yi maka kiwo?"

Na ce, "Tara."

"A cikin taran, akuya ko ɗaya ta taɓa yin tari ban aika maka ba?"

Na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya nisanta ta da idonsa, ya kuma matso da ita. Ya ce shi bai san wannan ba, raguna dai ga su can a ɗaure, in je in duba. Na je na kama su ɗaya-ɗaya, na juya kunnuwa hamsin da biyu ciki da waje. Ko ƙwarzane babu. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce wataƙila tsohon magani ne ya koɗe a ido amma na'ura tana kamo saurarsa, don haka a wanke su.

Kawu ya ce, "An yi ruwa jiya, ƙasa na da laima, kowa na gona, kai kuma ka ce in zo in yi wa raguna wanka?"

Haka dai muka yi. Ni ke jan ruwa a rijiya, shi ke cuɗa su da sabulu. Wanda bai taɓa wanke balami ashirin da shida ba, kada ya ce ya san wahala. Ɗaya ya make ni a cinya, na yi kwana uku ina ɗingishi. Washegari suka bushe suka yi fari ƙal kamar sabuwar shadda. Na mayar da su kan tudun nan, da rana tsaka kamar wancan karon, na koma nesa, na murɗa gilashi har ƙarshe, na durƙusa.

Da aka juye hotunan sai da na zauna. Layin ya ƙara kauri. Bai tsaya nan ba, ta ɗaya gefen kowane rago kuma wani kore-kore ya fito. Na tura duk da haka, don na riga na yi wa Alhaji alkawarin sababbin hotuna, ina fatan ko a tasa wayar ba zai fito ba.

Ya fito. Ya bugo ya ce, "Na ga an wanke su. Abin da ake wankewa ai akwai shi ke nan. Yanzu kuma har da kore, wani maganin kuka sauya?" Na yi rantsuwa, na yi bayani, bayanin da ni kaina ban gane shi ba. Ya ce, "Saura kwana takwas. In ba ka da lafiyayyu ka faɗa mini tun da wuri, in san inda zan nufa."

Ranar bayan la'asar ina zaune a tsakar gida, abinci na gabana ya huce, ina ta faɗaɗa kunnen rago ina tsaki. Matata ta gaji da jin tsakin ta ce in ba ta ta gani. Ta ɗan jima tana ja da yatsa, ba ta ma kallon ragon.

Ta ce, "Maigida, darbejiyar nan ta bayan gidan Kawu, ita ma karo ta yi da wani ragon?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan ana cikin damuwa?"

"Na ga ita ma an fesa mata maganin ne. Ga shi a bakin ganyenta. Ga shi a gefen kwanon rumfa. Kai, har malafar Kawu ba a bari ba."

Na fizge wayar. Gaskiyarta. Duk abin da ya yi iyaka da farar samaniyar nan, layin shunayya ya bi gefensa. Kwana huɗu ina kallon hotunan, idona bai taɓa barin jikin rago ba, saboda rago na sani.

Ina da wani abokina mai shagon hoto a cikin Daura, tare muka yi firamare. Tun ranar da na sayo kyamarar nake kauce masa, don na san bakinsa. Da safe na ɗauke ta na kai masa, na ba shi labari tun daga farko. Da na zo wajen wankan raguna sai da ya kwanta a kan benci yana riƙe ciki.

Ya ce, "Wato kai da ka ga tabo a madubi, sai ka kama fuskarka da wanki."

Na ce, "Ka gama dariyar ka gaya mini abin da ya lalace. Kwana bakwai ya rage mini."

Ya ɗauki kyamarar, abin da ya fara yi shi ne kwance ƙarin gilashin nan da aka ba ni gyara. Ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce wannan ko murfin kwalba ya fi shi amfani. Sannan ya yi mini bayani, kuma da yake ya san da wa yake magana, da dabbobi ya yi mini shi.

Ya ce hasken rana da muke gani fari, launuka ne da yawa a haɗe, su ne muke gani a bakan gizo. In haske ya ratsa gilashi yakan lanƙwasa, amma kowane launi da irin tasa lanƙwasar. Shuɗi da shunayya sun fi saurin karkata, ja ya fi taurin kai. Aikin gilashin kyamara shi ne ya tattaro su duka ya sauke su a wuri ɗaya. "Kamar ka koro garke ne za ka shigar ta ƙofa ɗaya," in ji shi. "Gwanin makiyayi zai shigar da su a dunƙule. Wanda bai iya ba, sai biyu su ɓalle ta dama, ɗaya ta hagu. Gilashi mai kyau gilasai ne iri-iri aka jera a ciki, wani na gyara kuskuren wani. Naka mai araha ne, ka kuma ɗaura masa wanda ya fi shi lalacewa a baki. Shunayyar da ka gani da koren, su ne tumakin da suka ɓalle."

Na ce to me ya sa sai a bakin kunne da ƙaho, ban da tsakiyar ciki?

Ya ce a tsakiyar ciki ma akwai, fari ne kan fari shi ya sa ba ya nunawa. Inda haske mai ƙarfi ya yi iyaka da duhu, nan yake bayyana: baƙin ƙaho a jikin farar sama, inuwar kunne a jikin farar sama, farin gashi mai ƙyalli a gefen inuwa. Ya ƙirga mini laifuffukana da yatsa. Na ɗauka da rana tsaka. Na murɗa gilashi har ƙarshe, inda ya fi rauni. Na bar ƙofar da haske ke shiga a wangale, alhali gefen gilashi ya fi tsakiyarsa ɓarna. Na bar wasu ragunan a gefen hoto, inda abin ya fi tsanani. "Sannan ka durƙusa, ka kwaso sama gaba ɗaya ka zuba a bayansu. Da ka ga bai isa ba, ka wanke su suka ƙara ƙyalli. Wallahi ko da gangan aka ce in fito da layin nan, ban iya kai ka ba."

Ya zuba hoto ɗaya a kwamfuta, ya taɓa wani wuri a manhajar da yake gyaran hoto da ita, ya ja wani ɗan maɓalli a hankali. Ina kallo shunayyar ta dusashe ta ɓace, sai ɗan toka-toka da ya rage a gefen ƙahon. Na ce shi ke nan, ya yi mini duka in tura.

Ya ce, "Zan iya. Amma mutumin da ya ce ka wanke magani da sabulu, in ka tura masa hoton jiya babu layi, me zai ce ka yi?"

Ya ce in koma in sake ɗauka yadda ya kamata. Ya matse ƙofar hasken da kansa ya tsayar da ita a kan lamba takwas, ya ce kada in taɓa. In je da sassafe ko bayan la'asar, rana tana bayana. In sa katangar ƙasa a bayan ragon, kada sama ta shigo. In taka da ƙafata in matsa kusa, in bar murɗe-murɗe. Ragon ya tsaya a tsakiyar hoto. Kuma in tsaya a kan ƙafafuna kamar mutum.

Na sayi goro na koma Babban Mutum karo na huɗu. Wannan karon a zauren Kawu na durƙusa, inda ya dace. Na nuna masa darbejiya da malafarsa a hoton, na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon malafar. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma da mahaifiyarka na da rai, da ita zan kai wa ƙara, ba don zargin ba, don shukar da ka sa na rasa."

Katangar Kawu gajera ce, iyakarta kafaɗa, ko na so in durƙusa ba hali, sama za ta shigo. Na ɗauke su a tsaye, da sanyin safiya, ɗaya bayan ɗaya. Hotuna suka fito tas. Na faɗaɗa kowane kunne har sai da hoton ya fashe, babu shunayya babu kore. Na tura, na sauke ajiyar zuciya.

Alhaji ya bugo bayan azahar. Ya ce, "Alhamdu lillahi, waɗannan lafiyarsu lau. Amma ba su ne na farko ba."

Na ce, "Su ne, ranka ya daɗe, ko ɗaya ban taɓa ba."

"Na farkon ƙirjinsu ya cika hoto. Waɗannan matsakaita ne. Ka janye masu ciwon ka kawo ƙanana ka cike gurbi."

Na rasa ta inda zan ɓullo. In na ce su ne, sai in faɗi abin da ya ƙara musu girma a farko. In na yi shiru, na amsa laifin da ban yi ba. Na zaɓi na farkon. Na yi masa bayanin gilashi da haske gwargwadon yadda na riƙe, sannan na yi masa bayanin durƙuso.

Ya ce, "Wato gilashi ya yi musu ƙaryar ciwo, kai kuma ka yi musu ƙaryar girma. To. Zan turo direbana ya gani da idonsa."

Direban ya iso ana saura kwana huɗu. Mutum ne mai ladabi, ya gaida Kawu, ya sha ruwa, sannan ya bi ragunan ɗaya-ɗaya, kunne, ƙaho, ido, haƙori, kofato. Bai sami komai ba, ya bugo wa maigidansa a gabana ya faɗa masa haka. Sai dai a kwanakin da na ɓata ina wanka da rantse-rantse, Alhaji ya riga ya sayi wasu a can don kada a bar shi da hannu biyu. Goma sha biyar kawai ya ce a loda.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na'ura ba ta fi ido gaskiya ba, ita ma da irin nata gilashin take gani, kuma gilashi yana da aibinsa kamar yadda dabba ke da nata. Da wani ya kawo mini rago ya ce gyara ne, sai na buɗe bakinsa na duba haƙora kafin in karɓa. Gilashi kuwa na karɓa ina godiya, don ban san inda haƙoransa suke ba, kuma girman kai ya hana ni tambayar wanda ya sani alhali shagonsa bai fi tafiyar minti biyar daga gidana ba. Har yau nakan ga layin nan a hotunan mutane, a gefen farar babbar riga, a bakin hula in an ɗauki mutum sama na bayansa. Su ba sa gani. Ni kuwa da na hango shi sai in ji cinyar nan ta motsa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Cikin ashirin da shida, Alhaji ya ɗauki sha biyar. Takwas na kai kasuwa a kwanakin ƙarshe, lokacin da raguna suka fi masu saye yawa, na sayar yadda ta kama. Ɗaya na yanka, ɗaya na bar wa Kawu, ɗaya ya ci gaba da cin dusata har wata shekarar. Na koyi ɗaukar hoto, yanzu har abokan sana'a na kawo mini nasu. Alhaji bai bar ni ba, har gobe a wurina yake saye, har gobe mutumin Daura yake ce mini. Sai dai kowace shekara, ana saura mako guda Sallah, direban nan zai iso Babban Mutum, ya kama kunnen kowane rago ya juya ciki da waje, ni kuma ina tsaye a gefe ina riƙe masa igiya.